Jan Rubutu a Wayar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma lafiya, ka tarar da kwamfutocin ofishinku yadda ka bar su. Mu nan ƙalau muke, sai dai ƙafar Baba ta ɗan kumbura, na sa masa matashi a ƙarƙashinta. Yara suna gaishe ka, babansu ma haka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Kai ne ka cire layin wayarka ka jefar, ka ce kamfani na bin sawunka da shi, duk mai son magana da kai sai ya sauke waccan manhajar taka. Ni kuwa wayata cike take da hotunan ɗinki da awon yaran mutane, ba ni da wurin ajiye wannan kogon ɓuya naka. Shi ya sa na ba Dogo direba wannan, tunda motarsa tana bi ta garinku.

Maganar wayar Baba ce. Ka zo hutu, ka ci, ka yi barci, ranar tafiya ka ɗauke tsohuwar wayarsa da layinsa ka sa a jaka, ka damƙa masa wata baƙa mai nauyi kamar bulo, ba ka ce da ni uffan ba. Ni da nake wanke masa kaya, nake kai shi asibiti, ban isa a yi shawara da ni ba ke nan.

Ka san idon Baba ya tafi, ko tafin hannunsa ba ya gani. Amma tsohuwar wayar nan ya san ta kamar hanyar banɗaki. Kullum da safe in ya gama shan shayi, sai in buɗe masa guruf ɗinsu na tsofaffin 'yan kwana-kwana in ɗora masa a hannun kujera, in koma kan kekena. Daga ɗakin ɗinki nake jiyo su. Amininsa Mai-tiyo ya tsokane shi da ranar da ya yi baya da motar kashe gobara ya kwashe ƙofar tasha, shi kuma ya rama da labarin tsanin da ya maƙale. Dariyarsa har ta kan danne ƙarar keke. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, Auta.

Yanzu fa? Wayarka mutum ɗaya ta sani, kai. Ya ɗora yatsa, ta buɗe, ya lalubo ɗan salatif ɗin da ka manna a gilashin, ya danna ya yi maka magana. Ka amsa in ka ga dama. Sauran yinin yana zaune yana sauraren fanka.

Ka ba Dogo tsohuwar wayar ya dawo da ita. Ba roƙonka nake yi ba.

Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, muna canja wa ofis gaba ɗaya injina. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Ki rage masa gishiri, na lura hannunki yana da nauyi a wurin nan.

Tsohuwar waya ba za ta dawo ba. Na goge ta tas, layin kuma na karya shi. Tunda kin ce ba a yi shawara da ke ba, bari in tambaye ki, da wa kika yi shawara ranar da kika ɗauki hoton takardar gwajin Baba kika watsa a guruf ɗin dangi, wai a taya da addu'a? Ba a rufa mako ba wanzamin bakin layi ya tambaye shi yaya mafitsara, a gaban mutane. Mutumin da ya yi shekaru yana shiga wuta yana fito da 'ya'yan wasu. Ke bai gaya miki ba, don yana jin nauyinki. Ni ya gaya wa. A ranar na yanke shawara.

Waccan manhajar da kuke rububi kasuwa ce, Yaya. Ba wanda ya san abin da ke cikinta sai masu ita. Sun ce ba sa karanta saƙo. To, ko da haka ne, sun san wa ya yi magana da wa, da yaushe, daga ina, kuma duk lambar da ke wayarki tana hannunsu. Ba su ba ki kyauta don suna ƙaunarki ba.

Wadda na sa wa Baba manhaja ce mai 'yanci. Ma'ana, yadda aka gina ta a buɗe yake, kowa zai iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani. Ni kaina na duba. Ba ta neman lambar waya. Wayar ma da kike kira bulo, na daɗe ina nema kafin in samu irin wadda take yarda a cire tsarin kamfani a ɗora wani. Duk Asabar abin da muke yi wa mutane ke nan a ƙungiyarmu, ba ma karɓar komai. Saƙon Baba kulle yake fita, makullin yana wayata kawai. Kuma na saita ta yadda duk saƙon da ya iso wurina, bayan mako guda zai goge kansa a wayata da tasa. Ba mai turawa gaba, ba wanzamin da zai ji.

Abokansa kuwa, duk mai so ya sauke, zan koya masa. Na rubuta matakan a bayan takardar nan.

Abu ɗaya nake so daga gare ki: kada ki taɓa wayar nan. Kada ki danna komai, kada ki kai wa masu gyaran bakin titi. Caji kawai, shi ma a kashe take karɓa. Na san ki da son latse-latse.

Ƙanenki, Auta

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Kumburin ƙafa ya sauka, ba tare da na rage gishiri ba.

Takardar gwaji, ba manhaja ce ta kai wa wanzami ba. Gwaggo ce, da babban yatsanta. Ko cikin kogon naka ka kulle Gwaggo, sai ta fito bakin titi ta faɗa da baki. Amma kai ai injina ka sani, ba ka san dangi ba.

Ka ce kada in taɓa. To na rantse da Allah, ba zan ƙara ɗora yatsa a gilashin wayar nan ba. In sa caji, in cire, shi ke nan. Ko ƙura ce ta rufe ta, sai ka zo ka goge.

Matakanka na kai su. Na rufe ɗaki, na bar rigunan makaranta a yanke ba a haɗa ba, na bi tsofaffin nan gida-gida. Ɗaya ya ce jikarsa ce ke riƙe masa waya kuma ta tafi karatu. Ɗaya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaya ko Baba ya yi wani laifi ne aka ɓoye shi. Ba wanda ya sauke.

Yanzu ka ji abin da ya sa nake rubuta wannan. Mai-tiyo ya rasu. Ya kwanta asibiti, yana ta aika wa Baba saƙo a guruf, yana cewa ina direba, ko ya yi fushi ne. A guruf aka sanar da rasuwar, a nan aka faɗi lokacin jana'iza. Mu ba mu ji ba sai da ɗansa ya zo da kansa bayan an yi an gama, ya durƙusa gaban Baba yana cewa mahaifinsa ya tafi yana cigiyarsa. Baba bai yi kuka ba. Cewa ya yi in kai shi ɗaki, kuma ranar ko ruwa da ƙyar ya sha. Raina ya ɓaci da kai, Auta, ɓacin da ban taɓa yi ba tun kana yaro.

Kuma abin haushin, kai ɗin da aka bar masa, kai ma ka yi shiru. Kullum da safe yana danna salatif ɗinka, ya yi magana mai tsawo, wayar ta yi ƙit, ya ajiye ya jira. Ba amsa. Yau ya tambaye ni ko wani abu ya faɗa da ya ɓata maka rai. Na ce ban sani ba, ni ba na shiga tsakanin mutum da ɗan lelensa.

Akwai wani jan rubutu da ya fito a saman gilashin. Ban tsaya karantawa ba, ba wayata ba ce.

Yayarka

Yaya,

Na gaishe ki. Ina nan lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni. Allah ya jiƙan Mai-tiyo, ya gafarta masa. Shi ya koya mini hawa keke a harabar tasha, ba sai kin tuna mini ko shi wane ne ba. Na ji zafin abin. Amma kada ki ɗora mini mutuwar mutum. Ɗansa yana da ƙafa, da ya zo tun mahaifinsa yana kwance.

Maganar shiru kuwa, Yaya, ki ji tsoron Allah. Rabon da saƙon Baba ya shigo wayata an kusa wata. Ni ne nake aikawa safe da yamma, ba amsa. Har na yi masa ta'aziyya, na yi magana mai tsawo, ko alamar an saurara babu. Kin ce yana dannawa kullum. To ina saƙonnin suke zuwa?

Bari in faɗa miki abin da nake zargi, tunda ba ma ɓoye wa juna. Akwatin intanet da na ɗora a kan kabad, soket ɗaya suke da dutsen gugarki. Na san ki, in aiki ya taso, duk abin da ke jikin bango cire shi kike yi. Ko mantuwa ce, ko kuma kin ga hanya ce ta nuna wa Baba cewa kayan Auta ba sa aiki, ke kika sani. Tun muna yara haka kike, in ba a bi taki ba sai kin tabbatar abin ya lalace.

Ta wajena ba matsala. Kwanan nan ma na canja waya, na samu wadda ake iya kashe makirufonta da maɓalli na zahiri, na ɗora komai sabo fil, na gwada da abokan ƙungiya, lafiya lau take aiki.

Jan rubutu ba komai ba ne, caji ne ya yi ƙasa. Ki bar ta a wuta ta cika.

Kin rubuta lambarki da manyan baƙaƙe a bayan ambulan, na gani. Ba zan ari wayar wani in yi zancen ciwon mahaifina a buɗaɗɗen layi ba. Hutu kuma shugabana ya ce sai mun gama aikin injina. Ki mayar da akwatin jikin wuta, ki ce wa Baba ban yi fushi ba.

Auta

Auta,

Sallama. Ba mu da lafiya, kuma ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Akwatinka yana jikin wuta tun ranar da ka ɗora shi. Guga a ɗakin yara nake yi, saboda shi. Fitilunsa suna nan suna ƙiftawa. Allah ya isa tsakanina da kai a kan wannan ƙazafin, kuma ba zan manta ba.

Shekaranjiya Baba yana shan shayi kofin ya suɓuce masa. Bakinsa ya ɗan karkace, harshensa ya yi nauyi. Mun kai shi asibiti. Likita ya ce jini ne ya hau, ƙaramin bugu ne, amma irinsa yakan dawo, kuma in ya dawo ba a san abin da zai tafi da shi ba. Yanzu yana magana, sai dai a hankali, kamar mai tauna kalmomin. Da muka dawo gida, kafin ya nemi ruwa wayar ya nema.

Na faɗa masa ka ce ba ka yi fushi ba. Ya ce to me ya hana ka faɗa da bakinka.

Wayar a cike take da caji, jan rubutun yana nan. Jiya da ya buɗe ta, na sa tabarau na tsaya a bayansa na karanta, ban taɓa ba. Ga abin da ya ce, harafi da harafi: "Makullin wannan mutumin ya canja. An riƙe saƙonni har sai ka tabbatar shi ne." A ƙasa akwai gida biyu, ɗaya an rubuta "Na amince", ɗaya "Bari tukuna". Da Hausa ma aka rubuta, an kyauta wa makaho.

Ni ban san makulli ba, amma na san ma'anar an riƙe. Na yi rantsuwa, kuma kai ka ja na yi ta. Ka rubuto cewa ka janye maganarka, in san yadda zan yi da rantsuwata, in danna. Dogo zai juyo jibi. Kada ka bari ya taho hannu wofi.

Yayarka

Yaya,

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Tun da na karanta takardarki na kasa cin abinci.

Na gane abin da ya faru. Da na canja waya, makullina ya canja, sai wayar Baba ta ƙi yarda da ni har sai an tabbatar mata. Haka ya kamata ta yi, kariya ce, don kada wani ya shiga tsakani ya ce shi ne ni. Jimlar nan ma ni na fassara ta da hannuna lokacin da muke mayar da manhajar Hausa. Da kin karanta mini ita tun farko maimakon ki ce ba wayarki ba ce, da ba a kai haka ba. Maganar akwati na janye.

Amma kada ki danna tukuna. Ki saurare ni da kyau. Ba a amincewa da makulli a makance, in aka yi haka duk wahalar ta tashi a banza. Ki sa Baba ya buɗe, ki taɓa jan rubutun kansa, ba gidajen ƙasa ba. Wannan kaɗai na yarda ki taɓa. Lambobi za su fito, layi-layi. Ki kwafe su a takarda da biro, ki ba Dogo. In na gwada da nawa na ga sun yi daidai, zan aiko miki ki danna. Na so in aiko miki da nawa ki gwada da kanki, amma na san ki da gaggawa, layin farko za ki duba ki ce ya yi.

Zuwa ɗaya ne da dawowa. Saƙonnin ba inda za su, suna nan a ajiye.

Na san za ki ce na cika taurin kai. Shekara nawa ina tsayawa gaban mutane ina gaya musu kada su danna abin da ba su tabbatar ba. Ba zan fara karya wannan a kan wayar mahaifina ba, inda ya fi ko'ina muhimmanci.

Ki riƙe masa hannu ki ce daga ni ne.

Auta

Auta,

Sallama. Yara lafiya. Ni ma da sauƙi, bayana ne kawai yake ciwo saboda ɗagawa da kwantarwa.

Ba lambobi a cikin ambulan ɗin nan, kada ka wahalar da kanka da zazzagewa.

Takardarka ta yi kwanaki a hanya, motar Dogo ta lalace. Da ta iso na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa, don na ɗauka idona ne. Mahaifinka yana tauna magana da ƙyar, kai kana neman layin lambobi. Duk da haka na ce bari in yi, don kada gobe ka ce ni na hana. Na bari sai da safe in ya karya.

Da safen ne abin ya dawo. Ina ɗaura masa maɓallin riga na ji jikinsa ya saki a hannuna. Mun yi kwanaki a asibiti, yanzu muna gida. Hannun dama ya tafi, ƙafar ma haka. Magana ta tafi gaba ɗaya, Auta. Yana buɗe baki, iska ce kawai take fita. Likita ya ce wasu takan dawo musu kaɗan, amma da ya faɗa bai kalle ni ba.

Da muka dawo na ɗora yatsansa na hagu a wayar, ba ta buɗe ba, ashe na dama ka saita. Sai na ɗaga hannun da ya mutu na ɗora a gilashin da kaina. Ta buɗe. Rantsuwa kuwa na karya ta, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Saƙonninsa suna nan jere, tun daga makon da ka canja wayarka har jajiberin ranar da abin ya dawo, kowanne da ɗan agogo a gefensa yana jira. Na kai yatsa kan "Na amince", sai na tuna alfaharin da ka yi mini. Ka ce duk saƙon da ya isa wurinka, bayan mako guda zai goge kansa a wayarka da tasa. Tsohuwar waya ka goge ta tas. Abokansa sun ce wayoyinsu sun cika, sun share saƙonninsa. Wato duk duniya ba inda muryar Baba ta rage sai cikin bulon nan, kuma abin da ya tsare ta shi ne ba ta kai gare ka ba.

Saboda haka ba zan danna ba. Ko lambobin sun yi daidai, ko shugaban ƙungiyarku ne ya zo da kansa. Wataƙila akwai dabarar da za ka ce a yi, kullum kana da dabara. Ba na so in ji ta a takarda.

Na saurari guda biyu, na kasa ci gaba. Ba zan rubuta maka abin da ya ce ba, ai ka ce sirri ne, ba a ba direba. Abin da zan gaya maka kawai, babu faɗa a ciki. Tambayoyi ne. Yana tambaya, ya yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ya ci gaba.

Na ja gadonsa zuwa ɗakin ɗinki don in riƙa ganinsa ina aiki. Wayar tana cikin aljihun keke, ƙarƙashin zare, ina sa mata caji. Idonsa ba ya gani, bakinsa ba ya faɗa, amma kunnensa garau yake. Ko almakashi na ajiye sai ya juyo. In an taɓa ƙofar waje kuwa, sai ya ɗaga kai ya tsaya cak har sai mai shigowa ya yi magana, sannan ya mayar da kan a hankali.

Ka gaya wa shugabanka abin da ka ga dama. Dogo yana tashi daga garinku ranar Laraba da sassafe, na ce ya bar maka kujerar gaba. Ka zo ka zauna a bakin gadon nan, in kunna maka su ɗaya bayan ɗaya, yana ji, kana ba shi amsa.

Yayarka